Gwaggo Sabulu da Ramin Mijinta

Duk unguwa Gwaggo Sabulu ake ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Tun tana budurwa take goge ɗakunan asibiti har ta yi ritaya, can ta koyo ƙiyayyar ƙwayoyin cuta. Ba ta taɓa ganin ko ɗaya da idonta ba, amma ta tsane su tsana ta haƙiƙa. In baƙo ya sha ruwa a gidanta, kafin ya kai bakin ƙofa ta jefa kofin cikin ruwan zafi.

Sai Allah ya haɗa ta da mijin da ke kiwon ƙwayoyi. Mai gyaran famfo ne, da girma ya zo masa ya haƙa rami a bayan gida, ya shafe shi da siminti, ya rufe ruf, ya ja tiyo har kicin. Kullum da safe zai dama kashin shanu da ruwa a bokiti, ya haɗa da ruɓaɓɓen ɓawon kayan lambu, ya ɗura ta wani bututu. Daga wannan ƙazanta gas ɗin girkinsu yake fitowa.

"Ma'aikatana ne a ciki, uwar yara," in ji shi. "Ba sa son iska ko kaɗan. Wasu su narka kashin ya yi tsami, wasu su cinye tsamin su huro gas. Abin da suka rage kuma taki ne."

"Malam, ƙwaya ƙwaya ce," ta ce, gefen mayafi a hanci. "Kai dai ka wanke hannu kafin ka taɓa min ƙofa."

Girki kam tana yi da wutar, amma baki a taɓe.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, maganarsa ta sarƙe, abu ɗaya yake iya tambaya sarai: an ba ma'aikata abinci? Dole ta ɗauki bokitin. Wayyo! Kore-kore, yauƙi-yauƙi, tsutsotsi na wutsil-wutsil a gefe, ƙudaje sun yi dandazo. Ta sa safar hannu biyu, duk da haka sai da ta yi amai a gindin katanga. Abin da ya fi ɗaga mata hankali shi ne a ce ga majinyaci kwance a ɗaki, ga tafkin ƙwayoyi a bayan tagarsa. A asibiti ai korar mutum za a yi.

Ta yi abin da hannunta ya saba. Ta ɗauko jarkar bilic cike, ruwan nan mai kashe ƙwayoyi, ta tuttule ta cikin bututun, ta bi da tafasasshen ruwa. Ranar ta ji ranta wasai.

Wutar ta fara ƙanƙancewa, ta koma tari, daga baya ta ƙi kamawa sam. Ramin da a da warinsa ke tsayawa bayan gida ya soma turo wani ɗoyi mai tsami har cikin ɗakin kwana. Shi kuwa Malam daga gadonsa yakan kasa kunne ya ji hucin murhu da safe, ita ce kaɗai shaidar da ta rage masa cewa wani abu nasa yana aiki a duniya. Da ya daina ji, ya daina karɓar cokali.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta durƙusa gaban gadon ta faɗa masa abin da ta zuba a ramin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya mutu, ya yi ta kokawa da harshensa har kalma biyu suka fito: "Tumbi... mayanka."

Ta gane, don ta sha jin ya ce irin ƙwayoyin nan a cikin saniya suke zama. Ta kira masu kwasar masai suka yashe ramin, ita kuma ta nufi mayanka da bokiti biyu. Wani mahauci ya tsaga tumbi a gabanta, abin ciki ya zubo da ɗumi yana tururi.

"Gwaggo, ke ce da kanki?" ya ce yana dariya. "Yau sabulu ya shiga uku!"

Ta durƙusa ta fara kwasa. Safar hannun ta yage tun a kwasar farko, ta ci gaba da hannunta tsirara. Haka ta yi ta jigila kowace safiya, tana damawa tana ɗurawa. Takan tsuguna ta kara kunne a jikin simintin, mace mai jikoki, tana roƙon ƙwayoyi su yi haƙuri su dawo.

Su kuwa ba a yi musu gaggawa. Kullum ta ƙyasta ashana, kullum shiru. Ta koma ɗaki ta ce, "Sun kusa, Malam. Ci ko loma ɗaya." Ya kau da kai daga cokalin.

Wata safiya ta murɗa kan murhu, sai ga huci siriri, ashana na taɓawa shuɗiyar wuta ta zagaye ƙarfen. Ta ruga ɗaki ko hannu ba ta wanke ba, tana kiran Malam, ta kama kafaɗarsa ta girgiza. Jikin ya riga ya yi sanyi.

Da maza suka zo yi masa wanka suka nemi ruwan ɗumi, ta ce kowa ya zauna. Ita ta ɗora tukunyar a kan shuɗiyar wutar.