Ni Na Raba Kawu Idi da Maganinsa

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Minjibir, kuma tun ina yaro aka san ni da baki. Ko gurguwar akuya ka ba ni, sai na sayar da ita an yi mini godiya. Bakin nan ne ya kai ni Dawanau ina yi wa wani mai magani shela. Da na ga yadda ake rububin kwalba, sai na fara haɗa nawa: ruwan tsamiya, 'yar kanwa, da sassaƙen da ko sunansa ban sani ba. Daga maganin basir na koma na ciwon shawara, daga nan na ce ina warkar da ƙanjamau. Sharaɗina ɗaya ne, a watsar da ƙwayoyin asibiti.

Wata rana Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, ya ja ni gefe. Ashe ya daɗe yana shan maganin ƙanjamau na asibiti, lafiyarsa ƙalau, ɓuyan zuwa karɓa ne ya ishe shi. Ya ce, "Ɗana, abin nan da gaske ne?" Na dubi tsabar idonsa na ce, "Kawu, kai zan yi wa ƙarya?"

Ya daina sha. Sannu a hankali mantuwa ta kama shi, hannu ya yi nauyi, tafiya ta koma ta tsoho. Wata safiya ya tsallake gambar da shi ya dasa a kan iyaka, ya duƙa yana nome gonar maƙwabci har azahar. Mutane suka yi dariya, daga baya suka ce iska ce. Ni na san ba iska ba ce, na ja bakina na yi shiru.

Dangin wata mata da ta rasu bayan ta sha ruwan maganina ne suka kai ni kotu, aka ɗaure ni. A gidan yari na kwatanta wa malamin asibiti halin Kawu. Ya ce, "Cutar ta bi jini ta hau kai. Takan laɓe cikin ƙwayoyin da ke gadin ƙwaƙwalwa, su kuma su riƙa fitar da guba tana ƙona siraran jijiyoyin da ke kai saƙo. Jijiyar da ta mutu ta tafi. Amma in ya koma magani, za a ceci saura." Kunya ta rufe ni, na yi kukan da ban yi a gaban alƙali ba.

Ranar da aka sake ni, gidan Kawu na fara sauka. Na tarar ya manta wanda ya yaudare shi, matarsa ma ba ta taɓa sani ba. Da na yi shiru, da na sha. Na durƙusa na faɗa musu komai, kashegari na ɗora shi a babur sai asibiti. Tun daga nan ban bari ya tsallake ranar karɓa ko ɗaya ba. Yanzu yana sa rigarsa da kansa, yana jan carbi, yana tsokanar jikokinsa. A duk abin da na yi a duniya, da wannan kaɗai nake taƙama.

Samari, mai baki ba likita ba ne. Duk wanda ya ce ɗan'uwanku ya ajiye maganinsa, ku kore shi ko da danginku ne, kuma kada daɗin ciniki ya mai da ku irina. Kawu ya yafe mini, amma yafiyar ba ta zama a kansa. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya dube ni ya ce, "Wai wa ya ce in daina shan maganin nan?" Kowane karo nakan gyara zama in ce, "Ni ne, Kawu."