Ranar da na kira sunansa a kan dutse

Akwai wani dutse a bayan garinmu, gefen hanyar Maska. Tun da aka kawo ni gidan nan nake hangensa ta saman katanga, baƙi wuluk, kwance kamar saniyar da ta ƙoshi. A gindinsa akwai fako inda muke shanya kuɓewa da barkono da surfen masara. Iyakarmu ke nan mu mata. Sama kuwa ta awaki ce da rema, sai yaran da suka fi ƙarfin iyayensu. Ban taɓa jin babba mai hankali ya ce zai hau shi don jin daɗi ba, sai da ƙanin mijina ya dawo hutun babbar salla daga makaranta.

Damina ta yi tsakiya lokacin, masara ta wuce kan mutum. Ya zauna a tsakar gida yara sun kewaye shi, yana nuna musu hotuna a waya. Wai wasu duwatsu ne a ƙasar Faransa, farare tas a kai, mutane na hawa da sanda da jaka a baya. Ina daka yaji ya miƙo mini wayar har kusa da hanci.

“Matar Yaya, duba ki gani. Wannan har da jaririnta take hawa. Mu ga namu dutsen a bayan ɗaki, sai shanya kuɓewa muka iya.”

Na ce, “Kuɓewar ce dai ta yi maka wannan kumatun.”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban san da ɗana za a gwada ba.

Shi ne ɗana na fari, ko firamare bai isa shiga ba. Kuma sunan surukina marigayi aka sa masa. To ga kunyar ɗan fari, ga kunyar suruki, an haɗa mini biyu. Tun ranar suna ban taɓa buɗe baki na kira shi ba. “Kai” nake cewa, ko “yaron nan”. Ba na ɗaukarsa a gaban mutane. Idan ya faɗi a tsakar gida sai in ɗauke kai kamar ban gani ba, har Inna, uwar mijina, ta zo ta ɗaga shi. Haka aka koya mini a gidanmu, kuma ana yabona a kai. “Yarinyar nan akwai kunya,” in ji mata. Da wannan yabon aka ɗaure mini baki.

Washegari da hantsi maigida ya hau babur ya tafi Funtua neman taki. Yana fita ƙanin nasa ya tara yaran unguwa, wai za a je yawon buɗe ido. Ya cika gora da ruwa, ya yanko sandar dogonyaro kamar yadda ya gani a hoto. Sai na ga ya kama hannun yaron nan.

Na dubi Inna. Ita kaɗai ke da bakin hanawa.

Ta ce, “Ku tafi da maigidan nawa, ya motsa ƙafa. Kullum yana liƙe da murhu kamar mage.”

Na ce, “Inna, an yi ruwa jiya fa.” Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, shi ma kaina a ƙasa.

Ƙanin mijina ya ƙyalƙyale da dariya. “Au! Yau matar Yaya ce ke magana a kan ɗan fari? Inna kin ji? Kunyar ta ƙare ke nan?”

Inna ta yi murmushi, matar wan mijina ta rufe baki da gyale. Wallahi har yau ban manta da wannan dariyar ba. Yaron ya waiwayo ya dube ni a bakin zaure, takalmin robarsa ƙafa ɗaya ya tsinke an ɗaure da zare, ni kuwa na juya na ci gaba da wanke-wanke kamar ɗan maƙwabta ne ke fita.

Kwanon da na wanke sai in sake wanke shi. Na san dutsen nan bayan ruwa. Gansakuka ke kwanciya a jikinsa, ba ka ganinta sai ƙafa ta tafi. Can sama kuma akwai wani kwarmi da ruwa ke taruwa, an ce bara ɗan akuya ya faɗa bai fito ba. Ƙanwar yaron nan tana goye a bayana tana ta mutsu-mutsu.

Bayan azahar hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na ce, “Inna, surfenmu yana kan fako, kuma babu yaron da za a aika.”

Ta ɗaga kai ta dubi sama. “To yi maza. Ku tafi tare da yayarki.”

Muka fita ni da matar wan mijina. Muna isa fako na bar ta da buhu, ban ko dubi masarar ba, na kama hanyar awaki na fara hawa.

“Ke! Ina za ki da goyo?”

Na cire silifas na riƙe a hannu, ina dafa dutse ina hawa, zani yana harɗe ni, ƙaya tana jan hijabina. Ban taɓa zuwa nan ba a rayuwata. Da na kai sama na ga gonaki shimfiɗe kore shar har inda ido ya tsaya, ga auduga, ga dawa, ga kwalta kamar an ja zare. Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau. Kyan nasa ma ya ƙara mini haushi.

Can na hango su. Ƙanin mijina ya jera manyan yaran a kan wani tudu, ya ba su baya yana ɗaga waya sama, yana cewa kowa ya ɗaga sanda. Na ƙirga kawuna da ido. Nawa ba ya ciki.

Sai na gan shi can gefe shi kaɗai. Takalminsa mai zaren nan ne ya zame masa ya gangara, ya tsaya a bakin kwarmin, daidai inda dutsen ya yi baƙi da santsi. Shi kuma yana binsa a hankali, hannu a miƙe, saboda ya san idan ya koma gida babu takalmi zai sha faɗa.

Na ce, “Kai!”

Iska ta kwashe. Yara biyu a kan tudu suka waiwayo, shi bai waiwayo ba. A dutsen nan kowane yaro “kai” ne.

“Kai yaron nan!”

Ya ƙara taku. Na ga ƙafarsa ta ɗan zame ya gyara.

Sai na kira sunansa. Sunan na gaskiya, na surukina, wanda liman ya raɗa. Ban san ina da murya irin wannan ba. Dutsen ya maimaita, har matan da ke kwashe shanya a ƙasa sun ji.

Ya tsaya cak. Ya juyo yana neman wanda ya kira shi, da ya ga ni ce sai ya buɗe baki.

Na ce, “Zauna a nan! Kada ka motsa!” Ya zauna daɓas. Na ja gindi na gangara, goyo a baya, na damƙi hannunsa na jawo shi. Takalmin na bar shi a can, ina jin har yau yana cikin kwarmin.

Ƙanin mijina ya iso a guje. “Matar Yaya, wallahi yanzun nan yana kusa da ni…”

Na ce, “Matsa.” Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba, kuma ya matsa. Na saɓa yaron a kafaɗa a gaban kowa, muka sauko yayyafi na dukanmu.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Amma ba labarin yaron da ya kusa faɗawa ruwa ba. Labarin surukar da ta ƙwala sunan uban mijinta a kan dutse. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki ta ce, “Yau mun ji sunan marigayi har cikin gida. Zamani.” Matar wan mijina ta ce da na kira ta ai da ta kira mini shi. Daga fako! Maigida ya dawo aka gaya masa, ya ce Allah ya tsare gaba, sannan ya ce in je in ba Inna haƙuri. Shi kuwa mai hoton, da la'asar har ya koma nuna wa mutane yadda gari yake daga sama. Babu wanda ya ce ya ba ni haƙuri. Babu wanda ya duba gwiwar yaron da ta ɗaye.

Na je na durƙusa, na ce Inna ki yi haƙuri, don zaman gidan. Amma ban ce na yi kuskure ba, kuma ba zan ce ba.

Kafin magariba ina yi masa wanka a bayan ɗaki, ina goge masa gwiwar da ruwan ɗumi, sai ya dube ni ya ce, “Umma, ashe kin san sunana?”

Soso ya tsaya a hannuna. Ta bayan zana ina jin Inna da matar wan mijina suna tankaɗe, kusa sosai.

Na ce, “Na sani.” Na sake faɗa masa shi, kuma ban rage murya ba.