Ƙwayar Malam Lawan a Hannun Harira

Duk wanda ya san Hajiya Harira a Malali ya san ba ta wasa da lokaci. Shekara talatin ta yi tana tsaron fayil a wata ma'aikatar gwamnati, da ta yi ritaya sai ta juyo da tsarin nan kan mijinta. Malam Lawan mai sayar da takalma ne a Babbar Kasuwa, mutum mai fara'a da son zaƙi, ga shi da ciwon suga. Shekara goma sha huɗu tana ajiye masa ƙwayar maganin suga a tafin hannu, ɗaya bayan karin kumallo, ɗaya bayan abincin yamma. Ko biki ta je sai ta dawo ta ba shi. Maƙwabta na tsokanarta wai Malam ma fayil ne, ita kuwa ta ce ai gara fayil, shi ba ya satar dabino.

Malam Lawan yana da wata ɗabi'a a sana'arsa: ba ya sayar da sabon samfurin takalmi sai ya sa shi ya wuni da shi, don kada ya yabi abin da bai sani ba. Wani sau-ciki ya yi masa bororo a ƙaramin yatsa. Ciwon suga ya riga ya rage masa ji a ƙafa, bai ma san wurin ya fashe ba. Kwana shida sai ga zazzaɓi da rawar ɗari, yana kiran Harira da sunan yayarsa da ta rasu. A asibiti likita ya ce ƙwayoyin cuta sun bi ta gyambon sun shiga jini, aka wuce da shi ɗakin waɗanda jikinsu ya tsananta.

Nan fa hankalin Harira ya tashi, don ta lura ba a ba shi ƙwayarsa. Kwana biyu ke nan! Ta ga suga ya haura yadda bai taɓa yi a hannunta ba, ta yanke cewa mantuwa ce irin ta ma'aikata, abin da ta sha gani a ofis. Ba ta tambayi kowa ba. Ta koma gida ta dama kunun gyada, ta niƙa ƙwaya biyu da bayan cokali ta zuba, ta rufe fulas.

A bakin ƙofa wata nas mai suna Lubna ta tare ta.

"Mama, sannu da ƙoƙari. Me aka kawo wa Baba?"

"Kunu ne."

"Kunu kawai?"

Harira ba ta iya ƙarya ba. Ta faɗi gaskiya, har da ɗan faɗa: in su sun manta, ita ba ta manta ba. Lubna ta ja ta kan benci ta zaunar.

"Wallahi ba mantawa muka yi ba, Mama. Cutar ta taɓa ƙodarsa, ba ta tace jini yadda ya kamata. Irin ƙwayar nan in ta taru a jikinsa yanzu, guba za ta zame masa. Shi ya sa muka koma yi masa allurar insulin ta jijiya, muna auna sugan kowace awa, kar ya hau sosai, kar kuma ya faɗi. Hawan da kika gani, ciwon ne ke tura shi."

Kunya da tsoro suka rufe Harira, ta rungume fulas ɗin tana salati. Ita da kanta ta je ta zubar da kunun a kwata.

Allah ya yi da sauran kwana. Bayan sati uku aka sallami Malam Lawan, ya bar yatsa ɗaya a asibiti, yana cewa dama yatsan ba ya biyan haya. Ƙodar ta farfaɗo a hankali, har likita ya ce a koma ƙwayar da aka saba. Yanzu da silifas mai taushi yake zuwa kasuwa, sabon samfuri kuwa sai dai mai saye ya gwada da kansa. Kullum da safe Harira na duba tafin ƙafarsa yatsa-yatsa a hasken taga, yana ƙorafin cakulkuli alhali ba ji yake ba.

Amma ranar farko da aka dawo da ƙwayar, sai ta kasa miƙa masa. Ta tsaya da ita a hannu. Ba wanda ya gaya masa zancen kunun, sai ta zauna a bakin gado ta ba shi labari tas, ba ta rage komai ba.

"Malam, saura kaɗan in kashe ka da hannuna."

Sai ya kamo hannun, ya buɗe yatsunta, ya ɗauki ƙwayar ya jefa a baki ko kallonta bai yi ba.

"Miƙo ruwa, Hajiya," in ji shi. "Da yamma ma ke za ki ba ni."