Mai Igiya a Garejin Ɗanbatta

Dattijon nan ya kasa zama. Sai kewaya a-kori-kurarsa mai shan gas yake yi, hula a ƙeya, taɓo a ƙafar wando. Bakanike ya sauke giyar, irin mai canza kanta, man ciki baƙi ƙirin, sai ƙauri.

"Baba, wa ke jan tarakta da wannan? Wata giyar za a nemo a Kano."

"Ta maƙwabcina ce ta kafe a fadama. In wuce shi?"

Yana ta duban hadarin gabas, ina jin gyaɗa ya baro a shanya. Can ya ɗauko igiyar da ya yi jan da ita, ya naɗe tsaf, ya mayar bayan kujera. Gobe ma wani zai kafe.