Kuben Bahago

Wata biyu cur Baduku ya yi yana buɗe shago da safe, ya yi shara, ya zauna, ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin teburin yanka, ya dubi abin da ke ciki, ya mayar. Kuben ƙaramar bindiga ne na hannun hagu, ɗinkinsa na kansa, jini ya bushe a gindinsa har ya yi baƙi. Na ɗansa ne. Kamfanin tsaron da ɗan yake wa aiki sun rubuta a takarda cewa sakaci ne ya kashe shi, wai ya mayar da bindiga cikin kube da yatsa a kan kunama. Kowa ya yarda, har uwar da ta haife shi. Baduku kaɗai ya san ba haka abin yake ba, ya kuma san akwai kube biyar irin wannan a ƙugun mutum biyar, suna yawo da su a gari. In ya buɗe baki, mutanen nan su tsira, shi kuma ya zama uban da ya kashe ɗansa. In ya yi shiru, ba mai tuhumarsa har ya mutu.

Ba mugun mutum ba ne. Abin da ke damunsa ɗaya, girman kai a kan ɗinkinsa, kuma a gaskiya ɗinkin ya isa a yi masa girman kai. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a wannan ɗan shagon mai kamar lungu, tsakanin mai aski da mai gyaran firji, gidansa kuwa a baya, ƙofa ɗaya ce ta raba su. Kullum da rana ta take, matarsa za ta turo ƙofar nan da kofin ruwa, ta sa masa a hannu, ta tsaya har ya shanye, ta ce shagon na wari, ta koma. Wajen kawunsa ya koyi dukanci. Ya yi jaka, ya yi takalmi, ya yi ɗamara da kuben wuƙa. Idan aka kawo masa aikin wani ya gyara, sai ya juya shi da yatsa biyu ya ce, "Wannan kuma da haƙori aka ɗinka shi?"

Kuben bindiga ya shigo masa ne ta hannun wani tsoho mai kula da ma'ajiyar makaman masu gadi. Tsohon ya nuna masa bindigar, ya sa yatsa a zoben ƙarfen da ke kewaye da kunama, ya ce, "Ko'ina fata ta matse, amma ban da nan. Nan kada ta shiga." Baduku ya sassaƙa bindigogin katako don ya riƙa ɗora fata a kansu, ya bar wurin zoben a toshe, ba rami. Daga nan aikin ya zama jiki. Ya jiƙa fata ta yi laushi, ya naɗe katakon, ya bi ta da babban yatsa da wani gogaggen ƙashi yana danna ta lungu-lungu har ta ɗauki siffa, ya shanya a inuwa, ya huda da basilla, ya ɗinke. Tsohon ya mutu, shekaru suka tafi. Katakon ya ci gaba da tsare wurin nan shi kaɗai, Baduku kuwa ya manta dalilin da ya sa ba rami a jikinsa. Da an tambaye shi, da cewa zai yi ƙyuyar sassaƙa ce ta sa.

Sai yatsun suka gaji. Sanyin ƙashi ya kama gaɓoɓin, babban yatsan dama ya kumbura ya karkace, kube ɗaya sai ya cinye masa yini yana cije leɓe. Mai Firji, wanda ke leƙowa shan iska ba a gayyace shi ba, ya gani ya ce, "Tsoho, ka bar yi wa fata tausa, ba matarka ba ce." Bayan kwana uku ya shigo da injin tsohon firji da tiyo da wata leda mai kauri. Aka jiƙa fata, aka naɗe katako, aka zura a leda, aka liƙe baki. Injin ya yi gurnani ya zuƙe iskar, ledar ta yamutse ta manne, fatar ta kwanta a jikin katakon ɗaram, abin da yatsa ke yi cikin awa uku ya ƙare kafin shayi ya huce. Baduku ya taɓe baki ya ce aikin ragwaye ne. Tun daga ranar bai sake yin kube da hannu ba.

Ɗan nasa shi ne auta, namiji ɗaya bayan mata uku, kuma bahago ne, sunan da ya bi shi ke nan har ya danne na yanka. Uban ya so ya gaje shi, amma duk wuƙaƙen shagon an wasa su don hannun dama, kuma Baduku ba shi da haƙurin koyarwa. Ya sha buge masa hannu da bayan basilla. Yaron ya girma ya bar shagon ba faɗa ba sallama, ya shiga aikin tsaro, ya yi aure, ya sami 'ya mace. Tsakaninsa da uban sai gaisuwa. Suna son juna, sai dai ba wanda ya iya faɗa.

Wata rana Bahago ya biyo da kayan aiki a jikinsa, uban ya ga kuben kamfani na hannun dama an juya shi an rataya a hagu, yana lilo.

"Wane ne ya yi maka wannan abin kunyar?"

"Haka suke bayarwa, Baba. Ba su da na bahagwai."

"Ɗan baduku guda. Cire, ka kawo nan."

Bindigar sabon samfuri ce, ba katakonta a shagon. Sassaƙa sabo zai ci mako, da waɗannan yatsun kuwa sai abin da ya yiwu. Kuma zuciyarsa ta raya masa cewa ɗansa ya fi ƙarfin katako. Bahago ya zare gidan harsashi, ya fitar da na bakin, ya ajiye su gefe, uban ya naɗe bindigar kanta da 'yar leda don kada ta jiƙe, ya ɗora mata mafi kyawun fatar da yake ɓoyo. Inji ya zuƙe. Da aka buɗe, kowane layi na ƙarfen ya fito a jikin fatar, har harufan da ke gefe ana iya shafawa a ji. A wurin zoben kunama kuwa, inda yanzu akwai rami na gaske, iska ta ja fatar ciki ta yi ɗan loko mai kyau, daidai kan yatsa.

"Baba," in ji Bahago, "kamar a ciki aka haife ta."

Baduku ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, ya ɓoye shi da faɗa. "Ka riƙa shafa mata mai duk wata. Kada ka bar min fata ta bushe kamar ƙafarka."

Yaron ya bi umarni, wannan karon dai. Abokan aikinsa suka gani suka yi sha'awa, biyar suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa bindigar, kowa yana son mai lokon nan irin na Bahago.

Shekara biyu fatar tana shan mai da gumi da zaman mota. Ran nan da safe, a farfajiyar kamfani, Bahago ya duba bindigarsa ya tura ta kube kamar kullum. Ta tashi. Harsashin ya shiga cinya ya tsinke babbar jijiya, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Abokin aikinsa da ake kira Gajere shi ya kawo kayansa a jaka, da takardar kamfani. Uwar ba ta yi kururuwa ba. Abin da ta yi ya fi kururuwa ciwo, don fushi ta yi da mamacin. Tana wanki tana yi masa faɗa. "Tun kana ciki kake gaggawa, Auta. Na ce ka riƙa natsuwa, na ce, na ce. Ga shi ka bar yarinya da goyo saboda rashin ji." Sai ta yi istigfari, ta share ido da bayan hannu, jim kaɗan ta sake. Matar Bahago kuwa ta daina fita, don ta gaji da jin ana cewa Allah sarki, ganganci ne.

A rana ta uku Baduku ya zaro kuben daga jaka. Ya sa yatsa a lokon. Fatar wurin ta yi laushi kamar kunne, ta lanƙwashe ta ciki, kuma a kan lanƙwasar akwai wani ɗan gurbi mai sheƙi inda ƙarfe ya daɗe yana goga. A lokacin ne muryar tsohon ma'ajiyar ta dawo masa, kalma-kalma. Bai yarda da kansa ba. Ya ɗauki bindigar katako ya fafe ramin, ya kafa lanƙwasasshiyar waya a madadin kunama, ya tura cikin kuben. Sau goma ya tura, sau uku wayar ta koma baya. Ya tattara komai ya sa a akwati, da rana matarsa ta kawo ruwa ya karɓa ya sha.

Haka ya yi wata biyu. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ba tsoron hukuma ba, ba na rasa ciniki ba, tsoron fuskar matarsa ne idan ta ji. Ya riƙa lallashin kansa: na sauran ai na dama ne, wataƙila ba sa shafa mai, wataƙila fatarsu ta fi tauri. Duk motar kamfanin da ta wuce sai ya kasa kunne.

Sai ga Gajere wata safiya, shi ma yana cikin biyar ɗin nan, ɗinkin madaurin kubensa ya warware. Ya zare bindiga ya ajiye a tebur, ya miƙa kuben. Baduku ya karɓa, yatsansa ya tafi wurin lokon da kansa. Ya yi laushi. Ya fara lanƙwasa. Kuma abin takaici, sai ya ɗauki zare ya ɗinke madaurin tsaf, ya ƙulle, ya yanke, ya miƙa masa. Gajere ya ɗaura yana hira.

"Ai mu yanzu, Baba, an tsananta mana. Duk sabon da aka ɗauka sai mai horarwa ya tsayar da shi a daidai wurin, ya ce, kun ga nan? Kada wanda ya yi irin ta Bahago." Ya ga fuskar tsohon, ya daburce. "Yi haƙuri, Baba, bakina ne."

Ya ɗauki bindigar ya kai ta bakin kube. Baduku ya cafke masa wuyan hannu da karkatattun yatsun nan, riƙon da shi kansa bai san yana da sauran ƙarfinsa ba.

"Ajiye ta."

"Baba, lafiya?"

"Ajiye ta, ɗana. Kwance wannan abin ka ba ni."

Ya shimfiɗa kuben a tebur, ya sa wuƙa ya tsarge shi biyu, ya buɗe cikin ya nuna masa lanƙwasar. Ya jawo akwati ya fito da na Bahago da katakon mai waya, ya tura a gabansa har wayar ta koma baya. "Yatsansa bai taɓa kunama ba," ya ce. "Ni ne."

Tare suka tafi kamfanin. Ya faɗa a gaban shugabansu, ya sake faɗa a gaban mai horarwa, aka kira sauran huɗun ta waya, ya tsaya a rana har suka iso, ya karɓi kubensu da hannunsa ya tsarge. Na ɗaya daga cikinsu har gurbin ya fara sheƙi. Aka yi masa tambayoyi, aka rubuta, aka ce za a gyara takarda, aka sallame shi. Duk wannan bai ji nauyinsa ba, don ya san mai wuyar tana gida.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana ninke kaya, jikar tana barci a tabarma. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi a gabanta ba, ya ajiye kuben a ƙasa tsakaninsu, ya faɗa mata tun daga tsohon ma'ajiyar har zuwa wayar. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Ba gaggawa ya yi ba ke nan?"

"Bai yi ba."

"Man da yake shafawa fa?"

"Ni na ce ya shafa."

Ta rufe fuska da rigar da ke hannunta. Kukan da ta hana kanta wata biyu ne ya zo, tana cewa, "Yafe min, Auta, yafe min, ashe ji ka yi." Da ta lafa, ta sauke rigar ta dube shi.

"Yaushe ka sani, Malam?"

Da ya ce yau, da ta yarda. Ya ce, "Tun rana ta uku."

"Kana jina ina yi masa faɗa."

"Ina ji."

Ta ɗauki kuben, ta goge ƙurar da ya kwasa a ƙasa, ta shige ɗaki da shi.

Har yanzu Baduku yana nan a lungunsa tsakanin mai aski da Mai Firji. Ya mayar wa Mai Firji injinsa, ya ƙone katakan, yana yin ɗamara da gyaran jaka a hankali, gwargwadon abin da yatsu suka yarda. An daina ambaton Bahago a wajen horarwa, matarsa ta koma fita. Matar Baduku ba ta bar gidan ba, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba, ba ta fasa dafa masa abinci ba. Kullum da rana ta take, yana jin takunta ta zo bayan ƙofar nan. Sai ƙofar ta ɗan buɗu, ta ajiye kofin a ƙasa a bakin dokin ƙofa, ta ja ta rufe. Shi ke tashi ya je ya ɗauka.