Rundunar Zamani Gaiya da Ruwan Zafin Helen

Zamani Gaiya ya zo Minna daga Kudancin Kaduna yana saurayi, da niyyar shiga soja. Aka auna tsayinsa aka ce ya gaza. Ya koma da shekara ta zagayo, aka maimaita masa. Daga nan ya sami aikin zanen taswira a wani ofishin safiyo, inda ya zauna har ya yi ritaya. Gidansa na unguwar Tunga yana jikin nawa, gajeriyar katanga ce ta raba mu, saboda haka abin da zan faɗa ko dai na gani da idona, ko na ji da kunnena.

Mutum ne mai tsabta da natsuwar hannu. Ba ya shan giya, ba ya fashin coci, bai kuma taɓa dukan matarsa ba. Wannan na ƙarshe shi da kansa yake yawan faɗa, kamar mai jiran a ba shi lambar yabo. Matar tasa Helen 'yar Gbagyi ce daga Gwada, mai ƙarancin magana, tana sayar da kunun zaƙi a ƙofar gida. Ɗansu ɗaya, Caleb, yana aiki a Fatakwal.

Sojojin sun shigo gidan ne a matsayin abin wasan Caleb: korayen sojojin roba masu arha, irin waɗanda ake ƙullawa a leda a rataye a rumfunan kasuwa. Yaron ya gaji da su da wuri. Uban bai gaji ba. Ya ci gaba da sayensu leda-leda har bayan da yaron ya yi gemu, kuma babu wanda yake bari yadda masana'anta ta yi shi. Yakan sa reza ya fille kan wannan ya ɗora wa wancan, ya haɗa wuyan da guntun allura. Yakan kankare hular kwano, ya jiƙa takardar tishu da farin gam na kafintoci ya yi masa riga ko hula. Bindiga takan koma mashi, waya takan zama baka, tsinken tsintsiya ya zama kibiya. Sai ya shafe jikin duka da gam domin fenti ya kama, sannan ya bi da buroshi mai siririn baki har ƙwayar ido.

Babban sirrin aikin kuwa ruwan zafi ne. Idan yana son sojan da ke riƙe da bindiga ya ɗaga hannu kamar mai jifa, sai ya tsoma shi cikin tafasasshen ruwa har robar ta yi laushi, ya lanƙwasa hannun yadda yake so, ya jefa shi cikin ruwan sanyi ya sandare a haka. Ruwan nan Helen ce take dafawa. Sama da shekara ashirin, babu safiyar da ban ji muryarsa ta ƙetaro katanga ba: “Maman Caleb, ruwa.” Ban taɓa jin kalmar godiya ta biyo baya ba.

A barandarsa akwai faffaɗan tebur cike da yashi, wanda ya tsara da ƙwarewar mai taswira: ga dutse, ga rafi na shuɗiyar leda, ga gonaki. Runduna biyu gare shi, mutanen dutse da mutanen kogi, kowace da ɗaruruwan mayaƙa. Kowace Asabar abokinsa Jiya, wani tsohon tela Banufe, yakan zo da tef ɗinsa na awo, su auna tafiyar kowane soja, su jefa dayis ɗin ludo domin sanin wanda kibiya ta sama. Sukan yi musu kamar a kotu. Gaskiya ita ce aikin yana da kyau ƙwarai. Na sha leƙawa ina mamakin yadda guntun roba zai yi kama da mutumin da tsoro ya kama.

Wata rana wani maharbi da ya gama wa ado ya suɓuce masa ya faɗa cikin kwanon ruwan zafi. Kafin ya tsamo shi, rigar ta narke, fentin ya saɓule, hannun da ya lanƙwasa ya miƙe ya koma yadda aka saye shi. Helen tana tsaye da buta a hannu.

“Kin gani?” in ji shi. “Robar nan tana riƙe da siffarta ta farko. Ko bayan shekara nawa, ta ji zafi sai ta koma. Ta fi ki riƙe abu a ka.”

“Na gani,” in ji Helen.

Ba da daɗewa ba ya ƙara wa rundunar dutse mutum ɗaya. Ya ɗauki wani soja mai durƙuso, ya yi masa ƙirji da faɗin ƙugu da gam, ya karkatar masa da wuya, ya ɗora masa ɓawon gyaɗa a kafaɗa a matsayin ƙwarya. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, don suna ganin kai ya fi ƙarfin a mai da shi abin dako, kuma babu abin kunya a cikin wannan. Zamani ne ya mai da shi abin dariya. Ya ɗaura wa 'yar robar zane, ya sa mata suna Helen, ya ce ita ce mai ɗaukar abincin mayaƙa.

Ƙyallen zanen ba a shara ya tsinto shi ba. Ranar Lahadi da safe na ji muryarta, a karo na farko da ɗan ƙarfi.

“Baban Caleb, wa ya yanke mini gefen zanen zumunta?”

“Runduna ce ta buƙata.”

“Yau muke waƙa a gaban coci.”

“Ki cusa wajen ta ciki. Allah ba ya duba gefen zane.”

Ta cusa, ta tafi. Matan zumunta kuwa suna duba gefen zane, kuma sun duba.

Tun daga lokacin wasan Asabar ya sami sabon armashi. Zamani yakan ajiye 'yar robar a inda ya san za a kama ta, ya jira sai matarsa ta fito da kunu.

“Oga Zamani,” Jiya zai ce, “'yan bakana sun kewaye kayan abincinka. Madam ta shiga hannu.”

“Ɗauke ta, na bar maka har da ƙwaryar. Amma ka sani tana da ci.”

“Ni ina zan ajiye ta? Sansanina ya cika.”

“To jefa ta rafi. Irinsu ba sa nutsewa.”

Su yi dariya. Jiya yakan saci kallon Helen, dariyarsa ta rage, amma bai taɓa cewa a daina ba. Ita kuma takan ajiye kofuna ta ce, “Ga kunu,” mijin ya ce, “Can gefe, kada ki rushe mini dutse.”

Abu ɗaya ne ya dami Zamani duk tsawon shekarun nan: ban da Jiya, babu wanda ya ɗauki aikinsa da daraja. Maƙwabta suna kiransa Janar a bayan idonsa. Sai bara Caleb ya zo hutu, ya ɗauki hotunan rundunar ya sa a intanet. Wani matashi mai suna Jonah ya bugo waya daga Abuja, ya ce suna da ƙungiyar masu irin wannan wasa, amma su nasu sojojin daga waje ake kawo musu a shirye, kuma bai taɓa ganin aikin hannu kamar wannan ba. Ya nemi izinin zuwa da abokansa biyu su gani da idonsu, su ɗauki bidiyo.

Zamani ya zama wani mutum dabam. Ya sake fentin baranda, ya sa aka kawo sabon yashi daga kogin Chanchaga ya tankaɗe shi da rariya, Jiya ya ɗinka masa sabuwar riga. Duk wanda ya gaishe shi a layi sai ya ji labarin baƙin Abuja. Ana gobe za su zo, da la'asar, ya kira matarsa.

“Idan sun zauna, ki zubo abincin a ƙwarya ki ɗauko a kafaɗa, yadda uwarki take yi. Ki tsaya nan jikin tebur. Za su ɗauki hoto, ga babba ga ƙarama.”

“Rabona da ɗaukar kaya a kafaɗa tun kafin in zo Minna.”

“Kafaɗar ba ta manta ba. Ki ɗaura zanen zumuntar kuma, su ga inda aka yanko.”

Ta juya za ta koma kicin.

“Kin ji ni? Ki kuma dafa ruwa da safe, akwai mashi biyu da suka karkace.”

“Zan dafa,” in ji ta.

Da safe ya jera rundunonin a kan yashi, kowane mayaƙi a matsayinsa, ya ja da baya ya dube su, ya gyara wannan ya matsar da wancan. Sannan shi da Jiya suka tafi tasha taryen baƙi.

Helen ta bi maƙwabta ta aro manyan tukwanen biki. Kowa ya ɗauka girkin baƙi ne. Ta haɗa murhu uku a tsakar gida, ta cika tukwanen da ruwa. Kafin su tafasa ta kawo baho biyu, ta kwashe sojojin daga kan tebur da hannu bibbiyu, ba gaggawa, mutanen dutse a baho ɗaya, mutanen kogi a ɗayan. Ta shiga ɗaki ta fito da na cikin kwalaye ta ƙara. Sai ta juye ruwan.

Warin gam ne ya kai ni bakin katanga. Ruwan ya yi fari, sannan ya rine ya koma launin kwata. Riguna da huluna suka taso kamar kumfa. Hannuwan da aka ɗaga suka sauka, waɗanda aka karkatar suka miƙe, mai jifa ya koma mai riƙe da bindigar da babu ita. Ta ɗauko muciya ta tuƙa kamar tuwo, kawuna suka rabu da wuya suna yawo a sama.

“Maman Caleb,” na ce, “me kike yi haka?”

“Ruwa ya ce in dafa, Malama.”

Da ta gama ta tsiyaye, ta sheƙa musu ruwan sanyi domin su sandare, kamar yadda ta ga yana yi. Ta ɗauraye su tas, ta baza a tabarma suka sha iska, ta ƙulla su leda-leda ta jera a gefen tebur. A kan yashin ba ta bar kowa ba sai 'yar robar mai ƙwarya, wadda ta tsayar a ƙololuwar dutsen.

Tun daga bakin layi ake jin muryar Zamani yana yi wa baƙi bayanin yadda mutanen kogi za su kawo hari ta gabas. Ya shigo yana gaba, ya miƙa hannu wajen baranda, hannun ya tsaya a miƙe.

“Baba, ina rundunar?” in ji Jonah.

Jiya ya kwance leda ɗaya, ya zaro wani kore marar kai, ya juya shi, ya mayar. Ɗaya daga cikin baƙin ya dubi wayarsa, ya dubi ledojin, ya ce a hankali, “Baba, hotunan nan kuwa naka ne? Don irin waɗannan ai ko a kasuwar Wuse ana sayarwa.”

A daidai nan Helen ta fito daga kicin da ƙwaryar sakwara a kafaɗa, zanen zumunta a ɗaure, yankakken gefen a waje. Ta taka har jikin tebur ta tsaya.

“Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Baban Caleb, nan ka ce in tsaya?”

Mai kyamarar, wanda bai san abin da ake ciki ba, ya ɗauki hoton. Suka ci abincin, suka yaba miya, suka ce hanyar Suleja ba ta da kyau, gara su kama ta da rana. Ba su sake bugo waya ba.

Zamani bai dake ta ba. Har yanzu yana iya faɗin haka. Ya yi ƙoƙarin farawa daga farko, amma idon da ya zana ƙwayar ido a kan roba ya yi yana, hannun kuma ya rasa natsuwarsa ta da. Reza ta yanke shi sau da yawa. Wata safiya ya kira, da muryar da ban san shi da ita ba, “Maman Caleb, ko za a sami ruwa?”

“Na wanka yana bayi,” in ji ta. “Wancan kuwa na gama dafa rabona.”

Jiya ya zo Asabar biyu, suka zauna babu abin aunawa, ya daina zuwa. Teburin yanzu barkono ake shanyawa a kai. 'Yar robar tana kan talabijin, Helen tana goge mata ƙura.

Ledojin ma ba a zubar ba. Duk yaron da ya sayi kunu, Helen takan ba shi soja ɗaya gyara, shi ya sa layinmu ya cika da su, a cikin kwata, a bakin rijiya, a ƙarƙashin tayar Keke Napep. Zamani yakan fita da yamma da sandarsa. Wani lokaci yakan sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya kai shi dab da idonsa, ya laluba wuyan da farce yana neman ramin allura. Idan ya samu, yakan faɗi sunan da ya sa masa da rundunar da yake ciki. Yaran sukan tsaya su jira ya gama, sannan su ce, “Janar, ba ni abina.”