Ita Ce Sandarsa

Ma'aikaciyar jinya tana kallonsu daga bayan teburinta a asibitin masu taɓin hankali. Dattijo ne dogo, goshinsa ya yi ƙulu, silifas ɗinsa sun yi masa yawa. Matarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, amma ta damƙe gefen rigarsa tamau.

"Baba, tashi ka taka zuwa ƙofa mu gani," in ji ma'aikaciyar.

Yana miƙewa jiri ya kwashe shi. Kafin kowa ya motsa, tsohuwar ta tokare shi da kafaɗa. Daga gani ta daɗe tana wannan aikin, kuma ba mai karɓarta.

"Mama, a ina ya faɗi?"

"A banɗaki." Ta sunkuyar da kai. "'Yar nan, ni na ƙara masa ƙwayar barci. Kwana yake yana kiran mutanen da suka rasu. Na ce ko zan samu in runtsa."

Ma'aikaciyar ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai kunya ta kama ta. Wata da watanni tana auna mijin, ba ta taɓa tambayar matar ko tana barci ba. A hankali ta ce kada a sake ƙarawa, kuma a samo masa takalmi daidai ƙafarsa.

Dattijon ya dubi matarsa da fara'a. "Baiwar Allah, kin yi kirki. Uwargidana ba ta zo ba?"

"Tana hanya," in ji tsohuwar, tana gyara masa hula.